Tsaurara Lissafi da Kimiyya a Lise: Riba da Haɗari ga Yaran Ƙwanni da Malbaza da Illela

A Nijar kira na ƙaruwa da a ƙara wa lissafi da kimiyya nauyi a makarantun sakandare, domin ɗalibi ya fito da abin da zai ci abinci da shi. Idan akwai yankin da ya kamata ya saurari wannan kira da kyau, to Ƙwanni da Malbaza da Illela ne.

Dalili na farko shi ne aikin da ke ƙofar gida. Tun shekarun 1960 Malbaza take da masana'antar siminti, kuma a 2018 aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a can. A Ƙwanni akwai filayen noman rani da suka haura kadada 2,000, waɗanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa. Ga albasar Galmi da ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma, ga asibitin garin. Duk waɗannan wurare suna neman mai auna sinadari, mai gyaran wuta, mai lissafin ruwa da taki.

Dalili na biyu shi ne yadda ɗalibai ke rarrabuwa bayan jarrabawar BEPC. Mafi yawa sashen A na adabi ko sashen D suke nufa, sashen C na lissafi da fiziks kuwa 'yan tsiraru ne ke kusantarsa. Don haka sau da yawa manyan ayyukan fasaha daga nesa ake ɗauko masu yin su, ɗan gari kuma ya ƙare da lebaranci ko ya tafi cin rani.

Ribar tsaurarawa a fili take: ƙofar Jami'ar Tawa da makarantar EMIG ta Yamai za ta ƙara buɗuwa ga yaranmu. Amma haɗarin ma ba ƙarami ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a ƙarshen firamare, ko yaro ɗaya cikin 10 bai kai matakin da ake nema a lissafi ba a Nijar. An samu ci gaba a 2019, sai dai duk da haka mafi yawa ba su kai matakin ba. Yaron da ya koyi ƙirga a ajin zana, da Faransancin da bai gama ji ba, idan aka ɗaga masa ma'auni a lise kawai, korarsa aka yi. Waɗanda za su fara faɗuwa su ne 'ya'yan talakawan karkara da 'yan mata, tun da iyayensu ba su da kuɗin darasin gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyara ya fara daga firamare, a koyar da lissafi da Hausa, wadda dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana a matsayin harshen ƙasa. A horar da malaman kimiyya, a biya malamai 'yan kwantaragi a kan lokaci don su zauna a ƙauye. Kowace lise ta samu ɗakin gwaji, masana'antar siminti da ƙungiyoyin manoma kuma su riƙa karɓar ɗalibai koyon aiki lokacin hutu.

Ina goyon bayan a ɗaga ma'auni, amma da sharaɗin hukuma ta fara kawo malami da kayan aiki. In ba haka ba, adadin waɗanda aka kora ne zai ƙaru, ba na injiniyoyi ba.