Kwana a Cikin Tirela: Ina Direba Ke Samun Ɗumi da Wuta Idan Ya Kashe Inji?

A tsakiyar lokacin sanyi, a jihohin arewacin Amurka irin su Minesota da Dakota ta Arewa, da kuma faɗin ƙasar Kanada, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili. Irin wannan sanyin yana daskarar da ruwan gora kafin gari ya waye, yana kuma iya kashe mutum idan ya kwana babu abin ɗumama jiki. Amma a kowane dare akwai dubban direbobin manyan motoci da ke kwana a gefen hanya ko a tashoshin hutu, cikin motocinsu.

Doka ce ta tilasta musu tsayawa. A Amurka, direban da ke ɗaukar kaya ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba sai ya huta awa 10 a jere. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, tuƙin yini awa 9 ne, hutun kuma awa 11 a bisa ƙa'ida. Shi ya sa ake ƙera kan motar da ɗan ɗaki a bayan kujerar direba: akwai gado, da wurin ajiye kaya, da ƙaramin firji, wasu har da talabijin da na'urar ɗumama abinci. Duk waɗannan suna buƙatar wuta, jikin direban kuma yana buƙatar ɗumi. To daga ina za su fito? Amsar tana cikin darasin fiziks ɗin da kuke yi a aji.

Tsohuwar dabara: barin mota a silo

Shekaru da dama, abin da direbobi ke yi shi ne su bar injin yana aiki a silo har safiya. Muddin inji na juyawa, ruwan lagireto zai yi zafi, hita ta hura ɗumi cikin mota, batir kuma yana ta caji. Akwai ma wani dalili: a tsananin sanyi man dizal yakan yi kauri kamar kakide ya toshe matatar mai, sai direba ya ji tsoron kada ya kashe mota ta ƙi tashi da safe.

Sai dai wannan dabarar tana da tsada. Babbar mota a silo tana shan kusan lita 3 na dizal a kowace awa. Hutun awa 10 ya tashi lita 30 ke nan, motar ko taku ɗaya ba ta yi ba. Ku ninka wannan da kwanakin shekara ku gani. Ga lalacewar inji, ga ƙara da ke hana barci, ga hayaƙin da ke cika tashar. Saboda haka jihohi da birane da yawa suka kafa doka. A jihar Kalifoniya, misali, babbar motar dizal ba za ta wuce minti 5 a silo ba, sai in akwai uzurin da doka ta amince da shi. Dole aka nemi wata hanya.

Me zai hana a jona hita a batir?

Wannan ce tambayar da za ta fara zuwa wa kowa. Mota tana da batir, hita ta lantarki tana nan a kasuwa, sai a haɗa su kawai. Bari mu yi lissafi tare.

Kun san cewa wat daidai yake da bolt sau amfiya. Batirin mota mai bolt 12, wanda aka rubuta masa 100Ah, yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 1,200 na tsawon awa guda, wato 12 sau 100. Amma batir mai ruwa irin wanda muka sani ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Abin da za a iya amfani da shi ke nan wat 600 na awa guda.

Hita ta ɗaki tana cin wat 1,500. Ku raba 600 da 1,500: za ku sami 0.4 na awa, wato minti 24 kacal. Idan ana so hitar ta kwana tana aiki awa 10, ana buƙatar 15,000, kuma hakan na nufin batir 25. Manyan motocin Amurka batir uku ko huɗu suke ɗauka. Direban da ya gwada wannan zai farka da tsakar dare cikin sanyi, kuma da safe kik ba zai ko motsa ba.

Yanzu mu duba ƙananan kaya. A ce ƙaramin firji mai wat 45 yana aiki sulusin lokaci cikin awa 10, ya ci 150. Fanka mai wat 15 ta yi awa 8, ta ci 120. Fitila mai wat 5 ta yi awa 4, ta ci 20. Cajin waya bai fi 15 ba. Jimilla 305. Rabin batir ɗaya ya ishe su har da saura. Darasin a nan shi ne, duk abin da aikinsa samar da zafi ne, kamar hita da dutsen guga da butar lantarki, yana cin wuta ninkin-ba-ninkin abin da fitila ko waya ke ci.

Ɗumi daga tankin mai

Mafitar tana cikin tankin motar. Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da makamashi kusan wat 10,000 na awa guda, fiye da abin da cikakkun batura takwas ke riƙewa. Matsalar silo ita ce ana tayar da ƙaton inji don a ɗumama ɗakin da bai fi faɗin tabarma biyu ba, kamar a yanka sa don baƙo ɗaya.

Sai injiniyoyi suka ƙera wata ƙaramar hita mai amfani da dizal, wadda girmanta bai wuce kwalin takalmi ba. Kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, su ne suka yi suna wajen ƙera ta. Ana kafa ta a ƙarƙashin gadon direba. Wani ɗan famfo yana jawo mai daga tanki ɗigo-ɗigo zuwa wani rufaffen ɗaki na ƙarfe, a can man ke ƙonewa. Fanka tana hura iskar cikin mota ta bayan wannan ƙarfen mai zafi, iskar ta ɗumama ta koma ɗaki. Hayaƙin kuwa yana bin bututunsa ya fita ta ƙasan mota. Iskar da direba ke shaƙa da iskar da wuta ta ci ba sa taɓa haɗuwa, kuma wannan shi ne sirrin na'urar gaba ɗaya.

Irin wannan hita mai ƙarfin wat 2,000 ba ta fi shan kwatan lita a awa ba ko da an ƙure ta. Dare guda lita ɗaya zuwa biyu da rabi ya wadatar, a maimakon lita 30. Abin da take nema daga batir ɗan kaɗan ne, na juya fanka da famfo kawai. Akwai kuma wata irinta da ke ɗumama ruwan inji, don mota ta tashi lafiya da asuba.

Wasu direbobin suna ƙarawa da bargon lantarki mai bolt 12, wanda ke cin wat 50 ko makamancin haka. Ɗumama jikin mutum kai tsaye ya fi ɗumama iskar ɗaki sauƙi nesa ba kusa ba.

Inbata da kaurin waya

Batir yana ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya, kayan gida kuma suna son wuta mai kai-komo, bolt 120 a Amurka, bolt 230 a Turai da nan ƙasarmu. Inbata ce ke juya wannan zuwa wancan, kamar dai wadda ake haɗawa da sola a gidaje da shaguna.

A nan ma akwai lissafi mai ceton rai. Na'urar ɗumama abinci tana jan kusan wat 1,100. A bolt 12, wannan ya haura amfiya 90, idan aka haɗa da ɗan abin da inbata ke ɓatarwa ya kai 100. Wayar da za ta ɗauki amfiya 100 sai mai kauri kamar ɗan yatsa. Idan aka sa siririya, za ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi a ƙarƙashin gadon mai barci. Shi ya sa ake jona babbar inbata kai tsaye a batir da gajeriyar waya mai kauri, a kuma sa fis dab da batirin. Ramin cajin da ke gaban mota amfiya 10 zuwa 15 kawai yake iya ɗauka, ya ishi waya da kwamfuta amma ba butar shayi ba.

Motocin Turai irin su DAF da MAN, waɗanda muke gani a hanyoyinmu, bolt 24 suke amfani da shi. Idan bolt ya ninka, amfiya takan ragu da rabi, wayar ma ba sai ta yi kauri sosai ba.

Motoci da yawa suna da na'urar da ke yanke wutar ɗaki da kanta idan batir ya sauka zuwa wani mataki, don a bar wa kik rabonsa. Wasu kuma suna sa batura daban na ɗaki, har da na litiyom, waɗanda ake iya zuƙe kusan duk wutarsu ba tare da sun lalace ba. Amma su ma suna da sharaɗi: ba a cajinsu idan sanyi ya kai ga daskarar da ruwa.

Lokacin zafi fa?

Hita ta dizal ba ta sanyaya ɗaki, na'urar sanyi kuma tana cin wuta sosai. Saboda haka kamfanoni da yawa a Amurka suna ɗaura wa mota wani ƙaramin inji a gefe, irin TriPac na kamfanin Thermo King. Tamkar janareto ne da aka ƙera don mota: yana cajin batir, yana juya na'urar sanyi, yana shan kusan lita ɗaya a awa. Da yake yana da nauyi, dokar tarayya ta ba da damar a yi wa motar da ke ɗauke da shi rangwamen nauyi. A 2005 rangwamen fam 400 ne, a 2012 aka ɗaga shi zuwa fam 550, kusan kilo 250. A wasu tashoshin hutu kuma akwai turakun lantarki, direba ya jona motarsa kamar yadda kuke jona waya a bango.

Makashin da ba ya wari

Abin da ya fi duk wannan lissafi muhimmanci shi ne iskar da ake kira kabon monoksaid. Tana fitowa duk inda mai ko gawayi ko gas ya ƙone babu isasshiyar iska. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa abin numfashi alhali mutum yana ta shaƙar iska. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya jin komai, daga barci sai lahira.

Direba na iya gamuwa da ita idan salansa ta huje hayaƙi yana shiga ta ƙasa, ko idan ya kunna risho ko ƙaramin murhun gas a rufaffiyar mota, ko ma daga motar da ke silo a gefensa. Shi ya sa ake shawartar direbobi su rataye ƙaramar na'urar da ke ƙara da zarar ta ji wannan iska.

Nan ne maganar ta iso gida. Namu sanyin bai kai na Kanada ba, amma duk wanda ya kwana a Jos ko a dajin hanyar Yobe cikin watan Janairu ya san hunturu ba wasa ba ne. A Mararrabar Jos da Tafa da Potiskum, tireloli kan yi jerin gwano da dare, direbobi da yaran mota suna kwana a kan mota ko a ƙarƙashinta. Idan sanyi ya matsa, wani yakan yi sha'awar ɗaukar kurfoti da garwashi ya shiga da shi, ya ɗaga gilashi. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da wannan iskar, kuma kan mota ya fi ɗakin kwana ƙanƙanta, don haka ya fi saurin cika. Haka abin yake ga janareto da ake kunnawa a zaure ko a shago a rufe ƙofa, abin da ya sha hallaka iyalai sukutum a ƙasar nan.

Da yawa daga cikinku kuna da uba ko kawu ko yaya da ke bin hanya. Ku isar musu da saƙo: a sha ɗumin wuta a waje, a bar ta a waje, a shiga mota da bargo da rigar sanyi da safa. Idan mutum biyu a wuri ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, a fita da su sarari nan take, a kai su asibiti, kada a tsaya neman maganin ciwon kai.

Masu sha'awar aikin injiniya ko wayarin na mota kuma, ga aikin gida. Wani direba yana da batir biyu masu bolt 12, kowanne 150Ah, kuma ba ya so ya zuƙe fiye da rabinsu. Yana da fanka mai wat 20, da fitila mai wat 10, da firji mai wat 60 da ke aiki rabin lokaci. Awa nawa zai iya yi kafin ya tayar da inji? Ku lissafa, ku kai wa malamin fiziks ya duba muku.