Lambobi gagara-raba da alƙalumansu

A ilimin lissafi, lamba gagara-raba ita ce wadda ta fi 1, kuma babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Misali: 2, 3, 5, 7, 11, 13. Daga 1 zuwa 100 akwai irinsu guda 25. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Yuklid ya tabbatar da cewa ba su da iyaka.

Alƙaluman lamba suna taimakawa wajen gane ta. Da farko a dubi alƙalamin ƙarshe. Idan 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, to 2 tana raba lambar. Idan 0 ko 5 ne, 5 tana raba ta. Saboda haka duk gagara-raba da ta wuce 5 dole ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9.

Na biyu, a haɗa alƙaluman. Idan 3 ta raba jimlarsu, tana raba lambar ma. A ɗauki 51: 5 da 1 shida ke nan, kuma 51 ita ce 3 sau 17. Dalili kuwa shi ne, 10, 100 da 1000 duk suna barin saura 1 in an raba su da 3.

Amma waɗannan dabaru suna fid da wasu lambobi ne kawai, ba su tabbatar da sauran. 91 ta ƙare da 1, jimlar alƙalumanta 10, amma ita ce 7 sau 13.

Akwai waɗanda ko an juya alƙalumansu ba su rabuwa, kamar 13 da 31, ko 37 da 73. A shekarar 2016, Robert Lemke Oliver da Kannan Soundararajan na jami'ar Stanford a Amurka suka lura cewa gagara-raba biyu masu bin juna ba su cika ƙarewa da alƙalami iri ɗaya kamar yadda ake zato ba.

A watan Oktoba na 2024 aka gano wata mai alƙaluma 41,024,320. Manyan lambobi irin waɗannan ba wasa ba ne: tsarin RSA na 1977, wanda ake ɓoye saƙonnin banki da na intanet da shi, ya dogara ne ga wahalar gano gagara-raba biyu da aka ninka.