KIƊAN MAZA A ƘASAR KWANTAGORA: TARON KAKA YA SHIGA WANI HALI

Tun zamanin kaka da kakanni, idan damina ta ɗauke, aka girbe gero da dawa aka kai rumbu, a sa'an nan ne manomi yake samun sararin miƙe ƙafa. A ƙasar Hausa lokacin kaka shi ne lokacin aure da biyan bashi da ziyarar dangi, kuma shi ne lokacin da maza ke barin gidajensu su tafi wani ƙauye su yada zango na kwana biyu ko uku, ana kiɗa ana waƙa, ana dambe da kokawa, ana ci ana sha. Inda samari da 'yan mata suka haɗu aka yi shagalin tare, shi ake kira kalankuwa. Inda kuwa fage ya zama na 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri, to, taron maza ne, kiɗan da ake yi a wurin kuwa shi ne masana ke kira kiɗan maza.

Wannan al'ada tana da tushe a ƙasar Kwantagora ta Jihar Neja kamar yadda take da shi a Sakkwato da Zamfara da Katsina. Sai dai a 'yan shekarun nan rashin tsaro ya taso ta a gaba, har ya zama kwana a fili a ƙauye, wanda shi ne ƙashin bayan taron, ya koma abin da mai hankali ke jin tsoro.

YADDA AL'ADAR TA ISO

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya kafa garin Kwantagora a shekarar 1864, kuma daga kansa ne sarautar Sarkin Sudan ta samo asali a wannan ƙasa. Jama'ar da suka biyo shi daga arewa sun zo da sana'o'insu, da mahauta da maƙera da makaɗa, suka tarar da Kambari da Dukkawa da Kamuku, waɗanda su ma suna da nasu bukukuwa na bayan girbi. Daga baya kuma manoma da yawa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi ta kwararowa saboda albarkar ƙasar noma, suka kafa ƙauyuka a yankunan Mariga da Mashegu da Magama da Rijau. Kowa ya taso ya taho da kiɗan garinsu, shi ya sa wanda ya saurari kalangun dambe a wannan yanki zai ji shi da ƙanshin Sakkwatanci da Zamfarci.

Dambe tun asali wasan mahauta ne, wato rundawa. Dalili kuwa a fili yake. Da kaka ne manomi ke da kuɗin sayen nama, saboda haka mahauta kan bi ƙauyuka da dabbobinsu suna yanka, samarinsu kuma su ƙalubalanci samarin mahautan garin da aka sauka. Da haka ciniki da wasa suka zama tafiya ɗaya. Yanzu kam dambe ya wuce gidan fawa, kowa na shiga, amma har gobe kalangu, wanda shi ne kiɗan mahauta, shi ke riƙe da fagen.

SAUKAR BAƘI DA SHIRIN FAGE

A da, ranar kasuwa da farin wata su ne ke yanke lokacin taro. A yau da makaranta da aikin albashi suka shigo, an fi karkata ga Asabar da Lahadi. Idan gari ya ƙudura yin taro, sai Sarkin Fawa ko Sarkin Samari ya nemi iznin mai gari, sa'an nan a aika da goron gayyata zuwa garuruwan maƙwabta. Wanda ya karɓi goro ya ɗauki alkawari ke nan.

Baƙi sukan fara isowa tun da hantsi, kowace ƙungiya da makaɗanta. Manya a sauke su a zaurukan gari, samari kuwa su kafa rumfunan zana da karan dawa a bakin fage, su shimfiɗa tabarmi, su hura wuta domin sanyin hunturu. Baƙo ba ya ɗora tukunya. Kowane gida zai fitar da akushin tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, da safe a kawo koko da ƙosai, da rana a dama fura da nonon da matan Fulani suka kawo. Mahauta su kafa tukubar tsire da balangu, masu rake da gyaɗa da waina su jeru. Garin da baƙonsa ya kwana da yunwa ya jawo wa kansa abin gori, kuma makaɗa ba sa mantuwa da irin wannan.

Da rana kafin fage ya ɗauki zafi, dattawa kan zauna gindin bishiya suna buga dara, yara suna langa, matasa suna gwada ƙarfi da kokawa. Bayan sallar La'asar sai a share fili a yi da'ira, kalangu ya fara magana.

MAKAƊI SHI NE UBAN TARO

Wanda bai san wasan ba zai zaci 'yan dambe ne masu taro, makaɗa kuwa 'yan rakiya. Alhali kuwa idan babu makaɗi, ba a ɗaura zare. Kowane ɗan wasa da ya isa yana da takensa, wato wani salon kiɗa da aka keɓe masa shi kaɗai. Da zarar an kaɗa shi, ko yana cikin barci ne sai ya miƙe, jikinsa na tsuma, ya shigo fage ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ambaci garinsu da ubangidansa da mazajen da ya kayar. Daga nan makaɗi zai ɗauki waƙa, 'yan amshi su karɓa, sanƙira kuma yana ta shelar wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar.

Shi kansa wasan yana da ƙa'ida. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, shi ne makamin bugu, ɗaya hannun kuma ya miƙa shi gaba ya zama garkuwa. Ana yin turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, a faɗar 'yan wasa, in kuwa aka gama ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su. 'Yan wasa kuma sun kasu rukuni rukuni, akwai Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, kowane rukuni da magoya bayansa.

Bayan an tashi daga fage aka yi sallar Isha'i aka ci tuwo, a sa'an nan ne waƙa ke samun cikakken fili. Maza su kewaye wuta, makaɗi ya shiga jero sunayen mazajen da suka shuɗe, da garuruwan da aka yi karo, da wanda ya yi kisa da wanda ya gudu. Ya zuga manomin da ya cika rumbu, ya yi wa rago zambo, ya tuna wa kowa cewa mutuwa na nan tafe. Yaron da ke zaune a gefe a nan yake jin tarihin garinsu da ba a rubuta a kowane littafi ba, a nan kuma ɗan makaɗi ke koyon amshi kafin wata rana ya gaji kalangun ubansa.

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun ware wa makaɗan maza aji na musamman a cikin rabe-raben makaɗan Hausa. A wannan aji ne ake samun marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda waƙarsa ta sa sunan Shago da na Ɗandunawa suka zama sanannu ga mutanen da ba su taɓa ganin fagen dambe ba. A nan kuma ake samun Kassu Zurmi na ƙasar Zamfara, makaɗin 'yan tauri da mafarauta. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a shekarar 1962, ya taimaka ƙwarai wajen kai muryoyin irin waɗannan makaɗa lungu lungu. Amma ya kamata a lura, ba a ɗakin rediyo suka koyi sana'ar ba. Fagen ƙauye ne ya rene su.

DARE YA ZAMA NA 'YAN BINDIGA

Taron kaka yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: amfanin gona, da hanya mai lafiya, da daren da mutum zai kwana a fili ba fargaba. Duka ukun 'yan bindiga sun taɓa su a arewacin Jihar Neja.

A watan Mayu na shekarar 2021 aka sace yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a garin Tegina, wanda ke kan babbar hanyar da ta nufi Kwantagora, ba a sako su ba sai bayan kusan wata uku. A watan Oktoba na wannan shekara kuma aka afka wa masallata suna sallar Asuba a ƙauyen Mazakuka na ƙaramar hukumar Mashegu, aka kashe mutane fiye da goma. A tsakanin waɗannan aukuwa biyu, a watan Satumba, gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin dabbobi na mako mako, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare, domin toshe wa ɓarayin daji hanya. Matakin na neman tsaro ne, amma kowa ya san mahauci ba ya rabuwa da kasuwar dabbobi, baƙon ƙauye kuma babur ne abin hawansa.

Manomin da bai samu ya nome gonarsa ta nesa ba, ko wanda ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa, da me zai ciyar da baƙi? Mai garin da ke kwana da ido ɗaya, yaya zai yarda a tara ɗaruruwan maza a bayan gari, ga wuta tana ci, ga kalangu ana jin sa daga nesa? Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙauyuka da dama ma mutanensu sun watse, sun koma cikin Kwantagora da sauran manyan garuruwa suna zaman gudun hijira.

DAMBE YA KOMA BIRNI

Wani zai ce ai dambe bai mutu ba, kuma gaskiyarsa. Ga gidajen dambe nan a birane, kamar na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ana cika ana batsewa. Ana ɗaukar wasa da wayar hannu a sa a YouTube da Facebook, mutane a Turai da Amurka suna kallo, wasu 'yan wasa kuma suna samun kyautar babur har da mota. Wannan ci gaba ne da ba mai musun sa.

Amma gidan dambe na birni da taron ƙauye ba su zama ɗaya ba. A birni mutum zai biya kuɗin ƙofa, ya yi kallo, ya koma gidansa kafin dare ya yi nisa. Ba mai saukar da shi, ba akushin da zai sa hannu tare da baƙon da bai sani ba. Hoton da ake yaɗawa a waya kuwa bugun kisa kawai yake nunawa, na daƙiƙa kaɗan, an yanke take, an yanke kirari, an yanke doguwar waƙar dare. Ashe ke nan abin da ke salwanta shi ne waƙar da zumuncin, su ne kuwa suka sa Bahaushe da Bakambare da Bafulatani ke zama a tabarma ɗaya su san juna. A ƙasar da zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, rashin irin wannan zama ba ƙaramar hasara ba ce.

ABIN KOYI DAGA MAƘWABTA

Akwai misalai da ke nuna cewa al'ada irin wannan tana iya farfaɗowa idan hukuma ta sa hannu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a shekarar 1934, ya tsaya cik bayan na shekarar 2009, amma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, aka kuma dawo da shi a watan Maris na 2020, tare da damben da kokawar da kaɗe-kaɗen da aka san shi da su. A Jamhuriyar Nijar kuwa, tun shekarar 1975 gwamnati ta ɗauki nauyin gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Ana zagayawa da ita jiha jiha, kowace tawaga da makaɗanta, garin da ya karɓi baƙi kuma shi ke saukar da su.

Kwantagora ba ta rasa abin da ake bukata ba. Tana da fada mai daraja, inda Mai Martaba Sarkin Sudan Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu ya gaji marigayi Alhaji Sa'idu Namaska a shekarar 2021. Tana da makarantun ilmi mai zurfi, da 'yan kasuwa, da manoma masu ƙarfi. Idan ƙauye ya gagara a yanzu, ana iya kawo taron cikin gari sau ɗaya a shekara bayan girbi, daga Juma'a da yamma zuwa Lahadi, a fili mai katanga da jami'an tsaro, a raba baƙi ga unguwanni kamar yadda aka saba, a kuma hana caca da kayan maye waɗanda suka ɓata wa wasu fagage suna a idon malamai da iyaye. Kazalika ya wajaba ɗalibai da gidajen rediyo su bi tsofaffin makaɗan da gudun hijira ya kawo cikin gari, su naɗi waƙoƙinsu da taken kowane ɗan wasa tun suna raye, domin makaɗi in ya faɗi, da kundinsa ake binne shi.

Babban magani dai shi ne zaman lafiya, wanda Hausawa suka ce ya fi zama ɗan sarki. Ranar da manomin Mariga zai kai dawarsa gida ba tare da ya biya kowa haraji a daji ba, ba sai an roƙi kowa ya aika da goron gayyata ba. Kafin wannan rana, nauyi ne a kan masarauta da ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha su riƙe wa jama'a wannan gado. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, amin.