Yadda Masana Ke Neman Kare Sirrin Jama'a a Rumbunan Bayanai

Duk lokacin da wata hukuma ta nemi sanin adadin masu wata cuta a gari, ko yawan marasa aikin yi a yanki, tambaya ce take aika wa rumbun bayanai na kwamfuta. Abin da ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne yadda rumbun zai bayar da amsa sahihiya cikin hanzari, ba tare da ya tona asirin mutanen da ke cikinsa ba.

Da farko an ɗauka cewa goge sunaye ya wadatar. Amma a shekarar 1997, Latanya Sweeney, wadda a lokacin ɗaliba ce a jami'ar MIT da ke Amurka, ta gwama bayanan asibiti marasa suna da rajistar masu zaɓe, inda ta gano bayanan lafiyar gwamnan jihar Massachusetts, William Weld. Ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kaɗai suka ishe ta.

Ko alƙaluman jimilla ma ba su tsira ba. Idan aka tambayi rumbu jimillar albashin ma'aikata 40, sannan aka sake tambayarsa jimillar 39 daga cikinsu, bambancin amsoshin biyu shi ne albashin mutum guda. A 2003, Irit Dinur da Kobbi Nissim sun tabbatar ta hanyar lissafi cewa tarin amsoshi masu daidaito sosai na iya bai wa mai tambaya damar sake gina abin da ke cikin rumbun.

Wannan ne ya kai Cynthia Dwork da abokan aikinta uku ga fitar da wata dabara a 2006, wadda ake cusa ɗan kuskure da gangan cikin kowace amsa, daidai gwargwadon da ba za a iya gane ko bayanan wani mutum na cikin rumbun ba. Sai dai idan kuskuren ya yi yawa, alƙaluman sun rasa amfani. Idan ya yi kaɗan, sirri ya fita.

Hukumar ƙidayar Amurka ta rungumi dabarar a ƙidayar 2020, bayan da ta gwada alƙalumanta na 2010 ta kuma gano ainihin mutane kusan miliyan 52, wato kashi 17 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Matakin ya janyo ƙorafi kan alƙaluman ƙananan garuruwa, har jihar Alabama ta garzaya kotu a 2021.

Ta fuskar sauri kuwa, Craig Gentry ya nuna a 2009 cewa kwamfuta na iya yin lissafi a kan bayanan da aka kulle ba tare da ta buɗe su ba. Hanyar tana cin lokaci da ƙarfin na'ura fiye da lissafi na yau da kullum, kuma rage wannan nauyi ne masu bincike suka sa a gaba.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye, ganin yadda bayanan miliyoyin 'yan ƙasa ke taruwa a rumbunan NIN da BVN. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da su alhakin tsare su, kuma ƙidayar jama'a ta gaba, ta farko tun 2006, za ta fuskanci wannan tambaya yayin fitar da sakamakonta.