Kasuwar Cikin Waya: Wa Zai Tsaya Wa Mai Kaya?

Shirinmu na musamman a yau zai leƙa kasuwar da ba ta da rumfa, wato kasuwar cikin waya. Uwargida a Kano mai haɗa turaren wuta da humra tana tallarsu a WhatsApp, saurayin da ke ɗaukar hoton atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ɗora a Instagram, mai kilishin da ke aika kaya Legas da Fatakwal, su ne mutanenmu na yau.

Tarihin ba shi da tsawo. Jumia da Konga, manyan shagunan intanet na Najeriya, duk a 2012 suka fara a Legas. Sai dai da yawa daga cikin ƙananan 'yan kasuwarmu ba ta nan suke bi ba. Wayarsu ce shagonsu, lambar asusun banki ko ta OPay ko Moniepoint kuma ita ce aljihunsu.

To bari in ɗan koma da ku baya, domin akwai wani abu da ya daɗe yana burge ni. A farkon shekarun 1960, wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro, littafinsa kuma ya fito a 1969. Ku ji abin da ya tarar. Mai shanu ya taso daga arewa, bai san mahautan Ibadan ba. Mahautan kuwa bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar sannan su biya. To baƙo zai damƙa dukiyarsa ga wanda bai taɓa gani ba? A nan maigida ke shigowa. Maigida ne ke saukar da shi, ya ba shi makwanci da abinci, dillalansa su nemo mai saye. Maigida ne ya san wane mahauci ke biya, wane ne mai taurin bashi. In mahauci ya gagara biya, nauyin na wuyan maigida. Wanda ya ci bashin kuma ya san ƙofar sauran masu gida za ta rufe masa. Ba a rattaba hannu a takarda ba, ba a je kotu ba, amma shanu na sauka, kuɗi na komawa gida.

Wannan maigidan, masu saurare, shi ne babu a kasuwar cikin waya. Babu shi.

Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa, ko a kawo masa abin da bai yi kama da na hoto ba. Tsoronsa kuma yana da dalili, domin an cuci mutane da yawa. Ita ma mai sayarwa tana da nata tsoron: alat na bogi. Saƙo ya shigo kamar daga banki, ko a turo mata hoton rasit, ta ɗaure kaya ta aika, sai ta duba asusu ta ga ko sisi bai shiga ba. Wadda jarinta bai wuce turmin atamfa biyar ba, in aka yi mata haka sau ɗaya, ribar wata ta tafi, wataƙila har da uwar kuɗi.

Sai a ce to a biya in kaya sun iso. Manyan kamfanoni sun gwada. A watan Maris na 2017 aka kashe wani mai kai saƙon Jumia a Fatakwal, bayan ya kai wayoyin da aka yi oda da sunan za a biya a hannu. A ƙarshen shekarar Konga ta dakatar da wannan tsari. Ko ba a kai ga asarar rai ba, akwai mai yin oda, kaya su iso ya ce ya fasa, ko ya kashe waya. Kuɗin motar zuwa da na dawowa, mai kaya ce za ta biya.

Ga kuma kai kayan. Adireshinmu ai kun san shi: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai baƙar ƙofa, in ka zo wajen mai shayi ka kira. Shi ya sa da yawa suke zuwa tasha, su ba direba kaya, su tura wa mai saye lambar wayarsa. Ni a ganina direbobin nan sun cancanci yabo, domin su ne suka ɗan maye gurbin maigida, da amanarsu ake wannan ciniki. Amma in mota ta lalace a hanya, ko ruwa ya jiƙa ƙunshi, babu inshora, babu mai biya. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuɗin aike ya bi ta. Wani lokacin kuɗin kai kwalbar humra Legas sai ya kusa kamo kuɗin humrar. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, mai sayar da shadda ya sa farashi a waya yau, ya koma sari ya tarar kuɗin ba zai sayo masa madadin wadda ya sayar ba.

Lokaci na neman ƙure mana, bari in gaggauta. Akwai kuma matsalar sabis. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi. Duk mai shago a waya a can, an rufe masa shago ba tare da ya yi laifi ba. Twitter ma wata bakwai ta yi a rufe a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wutar cajin waya kuwa, ba sai na faɗa muku ba.

Masu sana'ar ba su zauna ba. Wata tana nuna kaya ta kiran bidiyo kafin ta ɗaure, wani yana karɓar rabin kuɗi, sauran sai kaya sun sauka, wasu kuma ba sa sakin kaya sai sun buɗe asusu sun ga kuɗin da idonsu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga tasha mu ji ta bakin direbobin da kansu.