Ƙaramin Faci, Babban Nauyi

Duk wayar Android da ke hannunmu, Tecno ce ko Samsung, tana tafiya ne a kan Linux, tushen manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan a 1991. Kaso mafi tsoka na wannan manhaja direbobi ne, wato ƙananan shirye-shiryen da ke sarrafa kyamara, lasifika, batir da sauran sassa. Idan aka ga matsala, masani yakan rubuta gyara, wanda ake kira faci, ya miƙa wa mai kula da ɓangaren ya tantance. Ra'ayina shi ne facin da ya shafi sashen na'urar da aka kashe ya cancanci bincike mai zurfi kamar kowane, ko ma fiye.

Ga dalili. Kamfanin da ke ƙera cif, wato ƙwaƙwalwar na'ura, yakan cusa masa sassa da yawa don ya shiga na'urori iri-iri, mai haɗa waya kuma ya ɗauki waɗanda yake buƙata ya bar saura. A na'urorin da ke amfani da cif samfurin ARM ana rubuta wannan zaɓi a wani jadawali mai suna Devicetree, inda ake yi wa kowane sashe alamar a kunne yake ko a kashe. Sashen da aka kashe galibi ba wuta a jikinsa, ko kuma an keɓe shi ga manhajar tsaro. Direban da ya ƙi duba alamar ya leƙa ciki zai iya sandarar da na'urar tun kafin allo ya haska. Shi ya sa mai tantancewa ke bin faci layi-layi yana tambaya: an duba alamar kafin taɓa sashen? In an tarar a kashe yake, direba ya mayar da ma'ajiyar da ya ara? Sauran direbobin da ke jiransa za su wuce, ko za su yi ta jira har abada?

Wani zai ce layi uku ko huɗu bai kai a tsaya dogon nazari ba. To, raina kama ka ga gayya. Marubucin faci yakan gwada shi ne a na'urar da ke gabansa, inda sashen ke aiki, don haka hanyar da ta shafi kasasshen sashe ba a cika bin ta ba sai faci ya isa na'urorin wasu. Wani kuma zai koka da jinkiri, ganin cewa sabon Linux na fitowa duk bayan mako tara zuwa goma da gyare-gyare sama da dubu goma. Gaskiya ne masu tantancewa sun yi kaɗan, amma kuskuren da ya kuɓuce yakan bi faci zuwa tsofaffin rassan manhajar da wayoyi ke amfani da su, kuma wayoyi masu araha ba kasafai ake aiko musu da sabuntawa ba.

Saboda haka mai tantancewar da ya dawo da faci yana neman a gwada shi a kunne da a kashe bai yi tsanani ba. Aikinsa ya yi.