Likkafa Ake Gyarawa: Gajeren Matuƙi da Kujerar Ƙaramin Jirgin Sama

Mahaifina baduku ne a Tambuwal, kuma rabin aikinsa na kayan doki ne: kamazuru, majayi, da igiyar likkafa. Idan sallah ta matso, masu dawaki sukan zo masa daga Dogon Daji da Sanyinna, wasu har daga Kebbe. Tun ina yaro na lura ba ya huda igiyar likkafa sai mai dokin ya hau ya zauna. Zai dubi gwiwarsa, ya dubi diddigensa, ya ce masa ya miƙe a kan likkafar, sannan ya sa alama ya huda. Wata rana wani saurayi ya ce a bar masa igiyar yadda take, wai kada a ga an rage ta a ce shi gajere ne. Baba ya ce masa, "Yaro, ba a jan ƙahwar mahayi. Likkahwa aka gyarawa."

Tsawona santimita 160 ne, kuma na yi shekaru ina tuƙa ƙananan jiragen sama masu farfela ɗaya. A hutun babbar sallar da ta wuce, 'yar ƙanwata da ke aji biyar na sakandare ta same ni a zaure ta ce, "Kawu, wai gaskiya ta gajeru ba su tuƙin jirgi? 'Yan ajinmu sun ce ko na yi karatun ba a ɗauka ta, don ƙahwata ba ta kai." Na ba ta amsa a daren nan, amma na san ba ita kaɗai aka taɓa gaya wa haka ba. Shi ya sa nake so in baje maganar a fili.

A aikin tuƙin jirgi na farar hula, ƙa'idojin lafiya na ƙasa da ƙasa suna duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da makamantansu, amma ba su yanke wani tsawo da sai mutum ya kai ba. Rundunonin soja da wasu kamfanoni suna da nasu ma'auni. Abin da ake nema a wurin kowane matuƙi shi ne ya nuna cewa idan ya zauna, ya ɗaure ɗamara, idonsa yana gani, ƙafarsa tana kaiwa, hannunsa yana isa. Waɗannan ukun su ne maganar gaba ɗaya.

Mu fara da ƙafa, domin nan mutane ba su sani ba. A ƙarƙashin ƙafafun matuƙi akwai feda biyu. Su ne ke juya wani faifai da ke tsaye a jelar jirgi, wanda ke karkata hancinsa dama ko hagu. Da su ake juya jirgi idan yana tafiya a ƙasa, kuma a yawancin ƙananan jirage birki yana saman fedar ne, da yatsun ƙafa ake danna shi. Lokacin tashi, juyawar farfela tana jan hancin jirgi zuwa hagu, sai matuƙi ya riƙe shi da ƙafar dama. Taɓa fedar da kan yatsa bai wadatar ba. Dole ka iya tura ta har ƙarshe, gwiwarka da sauran lanƙwasa, bayanka bai rabu da jingina ba, ƙugunka bai karkace ba. Kwana ɗari za ka yi ba ka buƙaci ƙarshen fedar nan ba. Ranar da iska ta bugo ta gefe kana sauka, ranar ce za ka neme shi.

Sai ido. A gaban matuƙi akwai allon mitoci, a bayansa kuma hancin jirgi. Mai koyo yana gane tashi da sauka ne ta hanyar haddace yadda hancin yake zama a kan layin da sama ta haɗu da ƙasa, da yadda titin jirgi yake buɗewa idan ana kusantar sa. Idan yau ka zauna sama, gobe ka nutse, hoton ya canza, abin da ka koya jiya ya ɓaci. Manyan jirage sun ɗauki wannan da muhimmanci, har a jiragen Airbus akwai wasu 'yan ƙwallaye ja da fari a ginshiƙin tsakiyar gilashin gaba, matuƙi yana ɗaga kujera ko ya sauke ta har sai sun daidaita a idonsa. Ƙaramin jirgi ba shi da wannan, kai za ka nemo alamarka ka riƙe ta kullum.

Na uku hannu. Gajere yakan jawo kujera gaba don ƙafarsa ta kai, sai kuma sitiyarin jirgi ya zo ya tokare masa ciki idan ya ja shi baya, alhali a lokacin sauka ana so ya zo har ƙarshe. Ga makunnin da ke zaɓar tankin mai, wanda a jirgin Cessna 172 yana ƙasa tsakanin kujeru biyu. Ga sandar sauke leɓen fiffike a jiragen Piper Cherokee, ita ma daga ƙasa ake ɗago ta. Duk sai an gwada su ɗamarar kafaɗa tana ɗaure, kafin a tayar da inji.

Ni kaina da wuya na koyi wannan darasi. Lokacin ina ɗalibi a wata makarantar koyon tuƙi, na yi makonni ina barin matashin da nake zama a kai cikin jirgi a ɗaki saboda kunyar abokan karatu. Wata safiya ta hunturu muna saukowa, iska ta bugo mu ta hagu. Na miƙa ƙafa don in daidaita hancin jirgi da titi, fedar ta yi mini nisa. Sai na zame ƙasa a kujera don in kai gare ta, nan take titin ya ɓace mini a bayan allon mitoci. Abin da na ji kawai shi ne muryar malamina yana cewa ya karɓa. Da muka tsaya na leƙa, sai na ga tayar dama ta kusa taka ciyawar gefen titi. Malamin bai yi mini faɗa ba. Ya sa na zauna, ya ce in tura kowace feda har ƙarshe yana kallon gwiwata, kamar yadda Baba yake kallon ta mahayi. Sannan ya ce, "Gobe ka zo da matashinka, ko kuma kada ka zo."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne an daɗe da gano cewa laifin ba na jikin kowa ba ne. A shekarar 1950 rundunar sojan sama ta Amurka ta auna jikin ma'aikatan jirginta 4,063 don a fitar da siffar matsakaicin mutum, wanda da shi ake yanka kujera da sauran kayan ɗakin matuƙi. Wani matashin hafsa mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki ma'auni goma, kamar tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya duba mutum nawa ne suka faɗa tsakiya a duka goman. Bai sami ko ɗaya ba. Wani ƙafarsa doguwa ce gangar jikinsa gajere, wani akasin haka. Kowane tela a kasuwar Tambuwal ya san wannan, shi ya sa ba ya ɗinka wa mutum biyu riga da awo ɗaya don kawai tsawonsu ya zo daidai. Bayan wannan bincike ne aka matsa wa masu ƙera jirage su yi kujera da feda masu matsawa. A yau dokar Amurka ta ƙera manyan jiragen fasinja ta ce dole mai tsawon ƙafa 5 da inci 2, wato kusan santimita 157, ya iya sarrafa komai a ɗakin matuƙi. A 2020 kuma rundunar sojan saman ƙasar ta soke sharaɗinta na tsawon inci 64 zuwa 77 ga masu neman zama matuƙa, sharaɗin da ke tare wa kusan kashi 44 cikin ɗari na 'yan matan Amurka masu shekara 20 zuwa 29 hanya, ta koma auna kowa da irin jirgin da zai tuƙa.

Ga ɗan Tambuwal ko Kebbe mai wannan buri, ƙofar da aka fi sani ita ce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana Palladan a kan titin da ake kira hanyar Sakkwato. Nan Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, daga baya ta shugabanci kwalejin. An daɗe ana koyarwa a can da jirgin Tampico TB9 ƙirar Faransa, daga baya kuma aka shigo da Diamond DA40 da DA42 ƙirar Ostiriya. Ya kamata mai koyo ya san kowane jirgi da halinsa. A Diamond kujera kafaffiya ce, ba ta gaba ba ta baya, feda ake jawowa kusa da ƙafa. Wannan ya warware maganar ƙafa, amma maganar ido sai da matashi a ƙasa. A Cessna 172 kuwa kujerar ce ke tafiya a kan dogo, da yawansu kuma suna da hannun murɗawa da ke ɗaga ta sama.

Wannan dogo yana da nasa haɗari. Wani ɗan ƙarfe ne ke faɗawa cikin rami ya kulle kujerar. Idan ramin ya ci ko ƙarfen bai zauna ba, lokacin da jirgi ya ɗaga hanci zai tashi sai kujerar ta zame baya, matuƙi ya tafi da sitiyari a hannunsa, hancin ya ƙara miƙewa sama, ƙafa kuma ta rabu da feda. An rasa rayuka ta haka, har hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta duba dogon da kujerun Cessna ke tafiya a kai a 1987, ta kuma sabunta umarnin a 2011. Wanda ya jawo kujerarsa can gaba shi ne ke da tazara mafi tsawo ta zamewa. Don haka ba na tayar da inji sai na dafe ƙafa na jijjiga kujera gaba da baya da ƙarfina, na tabbata ta kullu.

Matashin ma ba kowane iri ba. Na farko da na yi amfani da shi na audugar rimi ne, irin wanda muke kwana a kai a gida. Yana da daɗin zama, amma kafin awa ɗaya ya lotse, idona ya sauka, kuma ɗamara ta yi sako-sako. Matashi mai laushi yana da wata illar kuma: idan jirgi ya bugi ƙasa da ƙarfi, jiki yakan nutse cikinsa sannan ya daki kujera, bugun ya fi tsanani ga ƙashin baya. Abin da ake so shi ne soso mai tauri wanda ba ya lotsewa, mai igiyar ɗaurewa a kujera don kada ya zame ya shiga inda zai tokare wani abu. Na baya yana tura ka kusa da feda, na ƙasa yana ɗaga idonka, kuma idan na ƙasan ya yi kauri ainun yakan ƙara nisanta ƙafa da feda, sai an gwada a zaune an sami daidai. Ɗamarar ƙugu ta zauna a kan ƙashi, ba a kan ciki ba, ta kafaɗa kuma kada ta bi ta wuya. Duk abin da ya wuce matashi, kamar ƙara wa feda tudu, aikin injiniyan jirgi ne mai lasisi, ba a ɗaura katako da igiya kamar yadda yara ke yi wa keke.

Ɗamara kuwa ba a kwance ta don a leƙa. Bessie Coleman, baƙar fatar Amurka ta farko cikin mata da ta sami lasisin tuƙi, a Faransa a 1921, ta rasu ranar 30 ga Afrilu 1926 a Jacksonville. Makanikenta ne ke tuƙi, ita tana kujerar baya ba ta ɗaure ba, domin tana son ta ɗaga ta leƙa filin da za ta yi wasa washegari. Wata sifana da aka manta a jirgin ta tokare kayan sarrafawa, jirgin ya kife, ta faɗo. Duk lokacin da na ji sha'awar sassauta ɗamara don in ƙara gani, ita nake tunawa. Ina kuma tuna Jerrie Mock, uwar 'ya'ya uku daga Ohayo mai tsawon ƙafa 5, wadda a 1964 ta zagaye duniya ita kaɗai a cikin Cessna 180 a kwana 29, ta yada zango a Kasabalanka da Alƙahira da Dahran ta Saudiyya. Babu macen da ta riga ta.

Matashin da nake ɗauka yanzu soso ne mai kaurin santimita 7, Baba ya rufe mini shi da jar fatar akuyar Sakkwato kafin rasuwarsa, ya ɗinka masa igiya biyu. Na ɗauko wa 'yar ƙanwata shi daga jaka a daren nan, ta juya shi tana duba ɗinkin kakanta. Na ce mata ta dage da lissafi da kimiyya da Turanci, ta kula da lafiyar idonta, domin su za a fara tambaya. Ranar da Allah ya kai ta ta zauna a jirgi kuma, kada ta bari kunya ta hana ta cewa malam, ƙafata ba ta kai ba, ban ga hanci ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Kawu, in na kai, wa ka ɗunka min nawa?" Na ce mata ƙanena yana nan a rumfar Baba, kuma shi ma ba ya huda igiya sai mahayi ya zauna.